Goge fayil daban, cire sunansa daga rajista daban

A zangon karatun da ya wuce, kwamfutata ta cika maƙil ana saura kwana uku in miƙa aikin da malaminmu ya ba mu. Da na duba, sai na tarar wasu manyan fayiloli huɗu masu ƙarewa da .vdi ne suka cinye wurin. Ban yi wata-wata ba na goge biyu, har na zubar da kwandon shara. Washegari na buɗe VirtualBox, sai ga gargaɗi: manhajar tana neman faifan da babu shi. Ashe ɗaya daga cikin biyun shi ne mai ɗauke da aikina. Sai da na kwana biyu ina sake shi daga farko.

Ƙannena, ga abin da ban sani ba a lokacin. VirtualBox manhaja ce ta kyauta da ke ba mutum damar kunna wata kwamfuta a cikin tasa, misali ya gwada Linux alhali yana kan Windows. Kamfanin Innotek na Jamus ne ya ƙirƙiro ta, Sun ya saye shi a 2008, sannan ta koma hannun Oracle a 2010. Kwamfutar da ke ciki ba ta da faifan ajiya na zahiri. Fayil guda ne ke tsaya mata a matsayin faifai, kuma duk abin da ka adana a cikinta yana cikin fayil ɗin nan.

Manhajar tana da rajistar waɗannan faifai, kowanne da doguwar lambarsa da ake kira UUID. Ku tuna rajistar ajinku. Ɗalibi zai iya barin makaranta, amma in ba a soke sunansa ba, kullum sai an kira shi a ji shiru. Haka VirtualBox ke yi idan ka goge fayil a bayan idonta.

Hanyar da ta dace ita ce ta umarnin VBoxManage, wanda ke zuwa tare da manhajar. Ka kashe kwamfutar ciki tukuna, ka buɗe allon rubuta umarni. A Windows sai ka shiga jakar da aka girka VirtualBox. Sannan ka rubuta:

VBoxManage list hdds

Zai jero maka faifan duka, da lambar kowanne da inda yake ajiye. Karanta a tsanake, don nan ne ni na yi gaggawa. Idan faifan yana jone da wata kwamfutar ciki, sai ka raba su daga saitunanta, in ba haka ba manhajar za ta ƙi. Bayan nan ka rubuta wannan, ka bi shi da lambar faifan:

VBoxManage closemedium disk

Wannan suna kawai yake sokewa daga rajista. Fayil ɗin yana nan daram, kana iya dawo da shi gobe. Amma idan ka ƙara --delete a ƙarshe, da suna da fayil duk sun tafi, kuma kada ka sa ran samunsa a kwandon shara. Idan kuwa fayil ɗin .iso ne, irin wanda ake girka Linux da shi, sai ka sa dvds a umarnin farko, dvd kuma a madadin disk a na biyu.

Yanzu dokata ɗaya ce. Ina fara soke sunan, in bar fayil ɗin ya yi mako guda. In ban neme shi ba, sai in goge. Wanda zai gwada a ɗakin kwamfutar makaranta kuwa, ya nemi izinin malami tukuna, domin faifan da ya ɗauka shara ne wataƙila aikin wani ne na zango guda.