Hasken Madannan Wayar Hannu da Matsayinsa a Karkarar Zamfara

Wannan maƙala za ta yi ƙoƙarin bayyana wani abu da kowa yake gani kullum amma ba safai ake tambayar yadda yake aiki ba, watau ɗan hasken nan da yake kunnuwa a ƙarƙashin madannan wayar hannu da zarar an taɓa ɗaya daga cikinsu. Ga mazaunin birni mai wutar lantarki, wannan haske kusan ado ne. Amma a ƙauyukan ƙasar Anka da Gummi da Bukkuyum, inda garuruwa da yawa duhu yake rufe su daga sallar isha'i, da shi ne mutum yake gane lamba uku daga lamba takwas.

Matsalar ganin lambobi cikin duhu ta girmi wayar hannu. A shekarun 1910 da 1920 masu ƙera agogo a Amurka suna shafa wa lambobin agogo fenti mai sinadarin radiyam don su riƙa ƙyalli da dare, kuma mata da yawa masu wannan aiki sun kamu da mummunar cuta saboda lasar bakin buroshi da suke yi. A 1959 aka fito da wata wayar tangaraho mai suna Princess wadda take da ƙwan fitila a wurin juya lambobi, sai dai tilas a jona ta da wutar gida. Abin da za a saka a aljihu kuwa ba zai iya ɗaukar irin wannan ƙwai ba, domin yana zafi, yana kuma shan wuta.

Abin da ya warware matsalar shi ne wani ɗan mitsitsin ƙwai da masana suke kira LED, wanda bai kai ƙwayar dawa ba. Ba shi da zaren da ake gasawa ya yi ja kamar ƙwan tocila ta dā. Wani sinadari ne mai ɓangare biyu, idan lantarki ya ƙetara mahaɗarsu sai haske ya fita, launin hasken kuwa ya danganta da irin sinadarin. Nick Holonyak ne ya fito da ja a 1962, daga baya aka sami rawaya da kore. Shuɗi shi ya ba da wahala, sai a farkon shekarun 1990 Akasaki da Amano da Nakamura na ƙasar Japan suka cim masa, abin da ya jawo musu kyautar Nobel a 2014. Da aka sami shuɗi sai aka lulluɓe shi da wani gari rawaya, haɗuwar launukan biyu ta ba da fari. Wannan tarihi shi ya sa wayoyin farko da suka shigo ƙasar nan bayan an buɗe harkar wayar salula a 2001, irin su Nokia 3310, haskensu kore ne, na yanzu kuwa fari.

To, ta yaya 'yan ƙwayaye kaɗan suke haskaka madanni goma sha biyu ko fiye? A nan hikimar take. Madannan ba ɗai-ɗai suke ba, shimfiɗa guda ce ta roba mai laushi wadda haske yake ratsawa. Ana shafe samanta da fenti mai duhu, sa'an nan a kankare siffar lambobi da haruffa da na'urar leza. Saboda haka lambar da mai karatu yake gani tana haske ba rubutu ba ce, taga ce aka huda a jikin fenti. A ƙarƙashin robar, wasu wayoyi suna da siririyar leda garai-garai wadda take karɓar haske daga gefe ta kai shi ko'ina, kamar yadda mai lambu a fadamar gulbin Zamfara yake jan ruwa daga rijiya guda ya raba shi fangali-fangali. An yi wa ledar 'yan ɗige-ɗige daidai ƙarƙashin kowane madanni don hasken ya ɓullo nan, kuma ɗigon ya fi yawa a wuraren da suka yi nisa da ƙwan, don kada wata lamba ta fi wata haske. In mutum ya ga wayar da gefenta ɗaya yake dishi-dishi, sau da yawa ƙwai ɗaya ne ya mutu, ko ƙura da gumi sun shiga.

Sai maganar batir. Dalilin da ya sa hasken yake mutuwa bayan 'yan daƙiƙoƙi shi ne tattali, domin wayar da take ajiye ba ta shan wuta sosai, amma da hasken zai zauna a kunne da batirin bai yi rabin kwanakin da yake yi ba. Wannan ba ƙaramin al'amari ba ne ga mutumin da sai ranar kasuwa yake kai wayarsa wurin mai caji ya biya kuɗi. A ganina wannan yana cikin manyan dalilan da suka sa ƙaramar waya mai madanni, irin Tecno da itel da tsofaffin Nokia, ta ƙi ɓacewa a karkara. Babbar waya ta shafawa ba ta da madanni na zahiri, hotonsu ne kawai a jikin gilashi, don haka sai an haska fuskar duka kafin a buga lamba ɗaya.

Masu ƙera waya sun lura cewa mutane suna amfani da hasken waya wajen neman takalmi ko makulli, shi ya sa a 2003 Nokia 1100 ta zo da tocila a goshinta. Hausawa ba su yi wata-wata ba suka raɗa wa ire-irenta suna "rakani kashi", wanda ko da yake bai dace da zauren karatu ba, ya bayyana aikinta sarai. Ko a watan Satumba na 2021, lokacin da aka rufe layukan sadarwa a jihar Zamfara saboda matsalar 'yan bindiga, wayoyin nan sun ci gaba da aikin fitila alhali ba sa kira.

Amma hasken yana da wata fuska. Idon da ya saba da duhu yana hango ɗan ƙyalli daga nesa, musamman a daren da babu farin wata. Wanda tsoron hari ya kai shi kwana a gona ko cikin daji yana buƙatar waya don jin labarin iyalinsa, amma kunna ta yana iya nuna inda yake. Abin da ya rage masa shi ne ya kulle madannan don kada su dannu a aljihu, ya rage tsawon lokacin hasken idan wayar ta ba da dama, ya kuma koyi danna lamba da laluɓe. Akwai ɗan tudu a kan lamba biyar ko a gefenta, wanda aka yi musamman domin makafi. Da zarar babban yatsa ya same shi, biyu tana samansa, takwas tana ƙasansa, huɗu da shida suna hagu da dama.