Sakan takwas bisa doki mai tutsu

Kowace shekara, ƙarshen watan Yuli, makiyayan Amurka na taruwa garin Shayan, jahar Wayomin, domin wasan rodiyo. An soma bukin garin tun 1897. Asalin wasan, aikin horon dawaki ne.

Akan saki doki marar horo da mahayi bisansa. Tilas ya daure sakan 8, ragama a hannu guda. In ɗayan hannun ya taɓa dokin, an fidda shi. Maki 100 ne: rabi na mahayi, rabi na doki. Shi ya sa gwani ke fatan ƙuri'a ta ba shi dokin da ya fi tutsu, ko da karaya na jiransa ƙasa.