Hasken Eksire Daga Ƙarfe Mai Tsananin Zafi

Galibin mutane a asibiti suka san hasken eksire, inda ake ɗaukar hoton ƙirji ko na ƙashin da ya karye. Wilhelm Röntgen, masani ɗan Jamus, shi ya gano shi a 1895. To, amma akwai wata hanyar samar da shi wadda ba ta shafi jinya ba, wato ta gasa ƙarfe.

Idan aka zafafa ƙarfe yakan narke, in aka ƙara wuta ya zama tururi. In zafin ya kai digiri miliyan ko fiye, sai ƙwayoyin lantarki su tsinke daga jikin ƙwayoyin zarra, a sami abin da masana ke kira filasma. Ƙarafa masu nauyi, irin su tangistin da zinariya, suna da ƙwayoyin lantarki da yawa, saboda haka ko a wannan hali wasu na nan maƙale, suna tsalle daga wannan mataki zuwa wancan. Duk wadda ta faɗo mataki na ƙasa sai ta saki haske, mafi yawansa kuwa eksire ne.

Hanya ta farko ita ce matsi, kamar yadda ake yi da na'urar Z da ke ɗakin bincike na Sandia a Amurka tun 1996. Akan jera ɗaruruwan wayoyin tangistin, kowace ba ta kai kaurin silin gashi ba, a kewaye kamar keji. Sai a sakar musu lantarki kimanin amfiya miliyan 20 cikin kashi ɗaya bisa miliyan goma na daƙiƙa. Nan take wayoyin su zama filasma, maganaɗisun da lantarkin ya haifar kuma ya matse ta zuwa tsakiya, ta gwabza da kanta, eksire ya fito.

Ta biyu ita ce leza. A Livermore, a jihar Kaliforniya, akan harba hasken leza 192 cikin wani ɗan gwangwani da aka shafe cikinsa da zinariya. Bangonsa ya fitar da eksire, eksiren kuma ya matse ƙwayar makamashin da ke tsakiya. A Disamba 2022 an zuba megajul 2.05 an sami 3.15, sai dai lantarkin da na'urar ta sha kafin nan ya ninka wannan wajen sau ɗari, abin da masu murna ba su cika faɗa ba.

Tun da Amurka ta daina gwajin bam ɗin nukiliya a 1992, da waɗannan na'urori take nazarin makamanta. Amma abin da ya fi jan hankali shi ne binciken da aka buga a 2015, wanda ya nuna cewa baƙin ƙarfe, a zafi irin na cikin rana, yana tare haske fiye da yadda lissafi ya nuna. Ke nan dole masu ilimin taurari su sake duba yadda zafi ke ratsowa daga cikin rana zuwa wajenta.