Tukunyar Gida da Lafiyar Iyali: Dabarun Girki Masu Sauƙi



Wasu daga cikin cututtukan da ake kawo mana asibiti, idan aka bi sawunsu, za a tarar daga madafi suka taso. Ga yaron da ya rame alhali kullum yana shan kunu. Ga maigidan da jininsa ya hau. Ga mai cikin da jininta ya yi ƙasa. Ga jaririn da ya ƙone da ruwan zafi. Sau da yawa abinci yana nan a gidan, yadda ake sarrafa shi ne yake buƙatar gyara.

An san matan unguwar Zango ta Wagadugu, wadda Mosawa ke kira Zangwatin, da iya masa da ƙosai da tuwo. Tun da aikin ZACA ya tashi mutanen unguwar a shekarar 2003, wasu suka koma Nioko, wasu wajen Ouaga 2000, amma hannun girkin bai ɓace ba. Saboda haka ba za mu koya miki tuƙa tuwo ba. Ƙananan dabaru ne muka tattaro, waɗanda ba su cin kuɗi, suna ƙara wa abinci daɗi, suna kuma tsare lafiyar gida.

1. Kunun yaro

Daga haihuwa zuwa wata 6, nonon uwa kaɗai ya ishi jariri, ko ruwa ba ya buƙata. Daga wata 6 sai a fara ba shi kunu, a ci gaba da nono har shekara 2.

Ga inda matsalar take. Cikin yaro ɗan ƙarami ne, bai fi ƙaramin kofi ba. Idan kunun tsararo ne, ruwa ne ya cika masa ciki: ya ƙoshi amma bai sami ƙarfi ba. Idan kuma kika yi shi da kauri, ya kasa haɗiyewa. Dabaru biyu ne ke raba wannan gardama.

Ta farko, ki haɗa garin. A shekarar 1982, a Fada N'Gurma, aka ƙirƙiro garin Misola domin yara masu tamowa. Gero ne da waken suya da gyaɗa, duka soyayyu, da ɗan sukari da gishiri. Kina iya yin irinsa a gida. Ki auna gero gwangwani 6, waken suya gwangwani 2, gyaɗa gwangwani 1. Ki tsince, ki wanke, ki shanya. Ki soya kowanne dabam a kasko ba tare da mai ba har ya yi ƙamshi. Ki ɓarza waken ki fece ɓawonsa, ki murje gyaɗar, sa'an nan ki haɗa ki kai niƙa. Idan babu waken suya, farin wake ma ya yi. Ki adana garin a mazubi mai murfi.

Ta biyu, ki yi garin tsiro. Ki jiƙa dawa ko gero kwana ɗaya, ki tsane, ki shimfiɗa a buhu mai tsabta ki rufe, kina yayyafa ruwa safe da yamma. Cikin kwana 2 zuwa 3 zai tsiro. Ki shanya ya bushe ƙarau, ki murje saiwoyin, ki daka ki tankaɗe. Idan kin ga ya yi funfuna, ki zubar ki sake wani. Kada ki ji tsoro don masu burkutu ma suna tsirar da dawa: garin tsiro hatsi ne kawai, ba ya sa maye.

Wajen damu, ki sa gari awo 1, ruwa awo 2, ki dafa har ya yi kauri kamar talge. Ki sauke, ki bar shi ya ɗan huce na minti biyu ko uku, ki barbaɗa garin tsiro gwargwadon abin da yatsu uku za su ɗauka, sau uku, ki juya. Za ki ga kunun ya saki ya zama ruwa-ruwa ba tare da kin ƙara ko ɗigon ruwa ba. Ki mai da shi wuta ya tafasa sau ɗaya, ya huce, ki ba yaro da cokali. Kowane cokali na wannan kunu ya fi na tsararo amfani nesa ba kusa ba.

2. Wake da kanwa

Wake abinci ne mai gina jiki, ga shi ya fi nama araha. Mata da yawa suna zuba masa kanwa mai yawa don ya nuna da wuri. To, kanwa tana lalata wani sinadari na wake da hatsi da ake kira bitamin B1, wanda jijiyoyi da zuciya ke buƙata. Tana kuma ɗauke da sinadarin nan na gishiri mai sa jini ya hau.

Ki jiƙa wake tun dare, da safe ki zubar da ruwan jiƙon ki dafa da sabon ruwa. Zai nuna da wuri, itace ko gas zai yi auki, kumburin ciki kuma zai ragu. Idan za ki sa tumatir ko tsamiya, ki bari sai ya nuna, domin tsami yana hana wake laushi. A miyar kuɓewa da ta kuka ma, ɗan ƙanƙanin jiƙon kanwa ya isa.

3. Ganye

Zogale, alayyahu, rama, yakuwa, ganyen wake da kuka suna ƙara jini, suna kuma taimakon ido. Maƙwabtanmu Mosawa suna yin babenda, abincin da kusan dukansa ganye ne. Mu ma muna da kwaɗo da dambu da fate. Amma yadda aka dafa ganye shi ke nuna ko amfaninsa zai isa ciki.

Ki wanke ganye kafin ki yanka. Idan kin yanka sa'an nan kika wanke, amfanin yana bin ruwa. Ki zuba shi a miya can wajen ƙarshe, ki rufe, ki sauke tun yana da korensa. Ruwan da kika dafa ganye mara ɗaci, ki yi miya da shi. Ki sa ɗan mai ko gyaɗa, domin bitamin A na ganye sai da maiƙo yake shiga jiki sosai. Idan za ki busar da ganye saboda rani, ki shanya a inuwa inda iska ke ratsawa, domin rana tana cinye amfaninsa.

Ga mai ciki da mai shayarwa: matsa lemon tsami a kwaɗo ko a miya yana taimaka wa jiki ya ɗauki sinadarin ƙarfe mai ƙara jini. Shayi kuwa yana hanawa. A bar shayi sai an yi awa ɗaya da gama cin abinci.

4. Gishiri da dunƙule

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya kai gram 5 na gishiri a yini, wato kimanin ƙaramin cokali ɗaya, an haɗa da wanda ke cikin burodi da dunƙulen miya. Dunƙulen nan, wajen rabinsa gishiri ne. Matar da ta sa dunƙule huɗu a miya, ta kuma bi shi da gishiri, ta sa gishiri sau biyu ke nan. Yawan gishiri yana kawo hawan jini, hawan jini kuma yana kai ga shanyewar ɓarin jiki da ciwon ƙoda.

Kakanninmu da daddawa suka yi miyar da ake santi, ita ce ake kira sumbala a kasuwannin nan. Ki soya albasa har ta yi ja, ki daka daddawa da busasshen kifi, citta, tafarnuwa da masoro. Ki riƙa rage dunƙule ɗaya-ɗaya. Cikin 'yan makonni harshen mutanen gida zai saba. Kada ki ajiye gishiri kusa da kwanon ci.

Wanda za ki saya kuma, ki nemi mai sinadarin ayodin, shi ke hana maƙoƙo, yana kuma taimakon ƙwaƙwalwar jariri tun yana ciki. Ki ajiye shi a kwalba mai murfi nesa da murhu, ki sa shi a miya dab da saukewa. Wajen sayen mai da fulawa ki duba tambarin da aka rubuta ENRICHI. Alama ce ta an ƙara wa man bitamin A, an ƙara wa fulawar sinadarin ƙarfe.

5. Suya: ƙosai, masa da fanke

Ƙosai yana shan mai ne idan man bai yi zafi ba, ko ƙullun ya yi ruwa, ko ba a buga shi sosai ba. Ki buga ƙullu da muciya har ya yi fari ya tashi, ki sa gishiri dab da suya. Ki gwada mai da ɗigon ƙullu: idan ya taso nan da nan yana tsuwa, man ya yi. Idan mai yana hayaƙi, wuta ta yi yawa. Kada ki cika kasko, domin ƙullu mai yawa yana sanyaya mai. Ki tsane a rariya. Ki guji takardar jarida da ta buhun siminti wajen ƙunshe abinci.

Bayan suya ki tace man. Idan ya yi baƙi, ko yana kumfa, ko yana wari, ya gama aiki.

Yis na masa da fanke abu ne mai rai. Ruwan zafi yana kashe shi, ki kwaɓa da ruwan ɗumi wanda yatsa zai iya zama a ciki. A watan Afrilu, lokacin da zafin Wagadugu kan wuce digiri 40, ƙullu yana tashi da sauri ya yi tsami, sai ki rage yis ki ajiye a inuwa. A hunturun Disamba da Janairu kuwa, ki rufe shi da zane ki ajiye a wuri mai ɗumi, ki ba shi lokaci.

6. Gashi ba tare da tanderu ba

Kina iya gasa kek, wanda a nan muke kira gato, a babbar tukunya. Ki zuba yashi mai tsabta tsayin yatsu uku a kwance, ki rufe, ki ɗora a kan gawayi minti 15 ya yi zafi.

Ki tankaɗe fulawa kofi 2 tare da bekin foda ƙaramin cokali 2. A wani kwano ki buga ƙwai 3 da sukari rabin kofi, ki zuba mai rabin kofi, nono rabin kofi, da nunanniyar ayaba 2 da kika dame. Ayabar ce ta sa sukari kaɗan ya isa. Ki zuba fulawar ki juya a hankali, da zarar gari ya ɓace ki tsaya, domin yawan juyi yana sa gato tauri. Ki shafa mai a kwanon gashi, ki zuba kada ya cika, ki ɗora a kan yashin, ki rufe, ki sa 'yan garwashi a kan murfi. Wutar ƙasa ta zama kaɗan. Kada ki buɗe kafin minti 25. Wajen minti 40 ki soka wuƙa a tsakiya, idan ta fito a bushe ya gasu. Gwangwanin fenti ko na maganin ƙwari, ko an wanke, ba a gashi a ciki.

7. Tsinta da ajiya

Gyaɗa da masarar da suka yi funfuna suna ɗauke da guba mai lalata hanta, tana kuma tsumburar da yara. Dafuwa da suya ba su kashe ta. Kafin ki kai niƙa, ki tsince duk ƙwayar da ta yi baƙi, ta yi kore, ta yanƙwane ko take ɗaci, ki zubar. Kada tausayin gwangwani ɗaya ya jawo jinyar shekara.

Dafaffen abinci kada ya wuce awa 2 a ajiye ba a kan wuta ba kuma ba a firji ba. Ki dafa daidai cikin gida. Abin da ya saura, ki ɗumama shi har ya tafasa ciki da waje kafin a ci. Yaro ƙarami kuwa, sabon kunu za a dama masa kowane lokaci. Wuƙa da farantin da suka taɓa ɗanyen nama, a wanke su da sabulu kafin su taɓa latas ko tumatir. Ki wanke hannu da sabulu kafin girki, bayan bayan-gida, da bayan wanke wa yaro kashi.

8. Wuta da hayaƙi

Hayaƙin itace yana kawo tari da ciwon ido, yana kuma kawo ciwon huhu ga jaririn da ke goye. Ki yi girki a tsakar gida ko a madafi mai taga. Ki yi amfani da busasshen itace, ki riƙa rufe tukunya. Murhun da aka kewaye da laka, ko irin Roumdé da maƙera ke yi a nan garin, ya fi duwatsu uku tsimin itace. Kada a shigar da garwashi ɗaki a rufe ƙofa da hunturu. Iskarsa ba ta da wari, amma tana kashe mutum cikin barci.

Idan mai ya kama da wuta, ki rufe kaskon da murfi. Kada ki watsa ruwa. Idan wani ya ƙone, a zuba wa wurin ruwa mai sanyi na minti 20, a rufe da ƙyalle mai tsabta, a kawo shi asibiti. Kada a shafa man goge baki, ko ƙwai, ko manja, ko toka.

Daga ina za ki fara?

Ba lalle ne ki canja komai a rana ɗaya ba. Ki zaɓi abu guda wannan makon. Idan kina da yaro ƙasa da shekara 2, ki fara da kunu. Idan akwai mai hawan jini a gida, ki fara da dunƙule. Maigida kuma, idan kai aka karanta wa wannan, ka taimaka da cefanen wake da gyaɗa, kada ka yi faɗa idan gishirin miya ya ragu.

Ki riƙa kai yaro awo kowane wata. Idan nauyinsa ya tsaya, ko ƙafafunsa sun kumbura, ko gashinsa ya yi ja ya yi laushi, kada ki jira ranar awo, ki kawo shi nan da nan. Idan kin gama karantawa, ki karanta wa maƙwabciyarki.

Allah ya albarkaci tukunyarki, ya ba iyalinki lafiya. Amin.