Jinyar Damuwa a Cikin Rukuni

A shekarar 1905 wani likita a birnin Boston na Amurka, Joseph Pratt, ya rasa yadda zai yi da talakawa masu tarin fuka, waɗanda ba su da kuɗin kwanciya a gidajen jinya na musamman. Sai ya riƙa tara su duk mako, yana duba nauyinsu, yana koya musu yadda za su kula da kansu a gida. Bai jima ba ya lura cewa haɗuwar ita kanta tana aiki: wanda ya yanke ƙauna, in ya ga ɗan'uwansa ya fara murmurewa, sai ƙarfin gwiwarsa ya dawo. Daga nan masana ke fara lissafin tarihin jinya cikin rukuni, kuma tun farko marasa galihu aka yi wa ita.

Tsarin ba shi da wuyar bayani. Mutum shida zuwa goma masu matsala iri ɗaya sukan zauna a da'ira na kimanin awa ɗaya da rabi, sau ɗaya a mako, tare da jagora mai horo. Ba wa'azi jagoran ke yi ba, ba kuma ƙwaya yake rabawa ba. Aikinsa ya ga kowa ya samu bakin magana, ya hana mai surutu danne mai kunya. Irvin Yalom, wanda littafinsa na 1970 ya zama madogara a fannin, ya lissafa abubuwan da ke warkarwa a irin wannan zama, daga ciki har da gane cewa ba kai kaɗai ba ne. Ga wanda jama'a suka mayar saniyar ware, wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin kaɗaicin yakan zama rabin ciwon.

An daɗe ana ɗauka cewa sai ƙasashe masu arziki ke iya wannan aiki. Ƙauyukan Yuganda ne suka ƙaryata zaton. Gundumomin Masaka da Rakai na cikin wuraren da ƙanjamau ya fi yi wa ɓarna, ga zawarawa da marayu birjik. Wani mai bincike, Paul Bolton, da abokan aikinsa sun fara ne da tambayar mutanen yankin yadda su da kansu ke siffanta baƙin cikin da ke hana mutum noma da kula da 'ya'ya. Sannan suka zaɓi ƙauyuka 30, rabi aka kafa musu rukunoni, rabi aka bar su don kwatantawa. Maza daban, mata daban, jagororin kuma 'yan ƙasa ne da aka horar na mako biyu kacal. Hanyar da suka bi tana duba abin da ya taɓa dangantakar mutum da na kusa da shi: rasuwa, saɓani, sauyin rayuwa kamar ciwo ko rasa sana'a, da kaɗaici. Bayan mako 16, sakamakon da aka buga a 2003 ya nuna kusan kashi 7 cikin 100 na waɗanda suka zauna a rukuni ne ke da sauran ciwon damuwa, alhali a ɗaya ɓangaren kusan kashi 55 ne. Shekara goma bayan haka aka samu irin wannan nasara a gabashin Kwango, tsakanin matan da aka yi wa fyaɗe lokacin yaƙi. A 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da littafin jagora mai zama takwas, wanda ma'aikacin da ba likita ba zai iya bi.

Wannan ya shafe mu kai tsaye. Likitocin ƙwaƙwalwa a Najeriya ba su kai 300 ba, ga jama'a fiye da miliyan 200, yawancinsu kuma a manyan birane suke. Macen da yoyon fitsari ya raba da gidan mijinta, ko ɗan gudun hijirar da ke sansani a Borno, da wuya layi ya kai kansu in ana jiran ganin likita ɗaya bayan ɗaya. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023 ta maye gurbin tsohuwar doka ta 1958, amma doka ba ta haifar da ma'aikata.

Jinyar rukuni tana da arha, sai dai arha ba ita ce shigar da kowa ba, kuma a nan masu yabon tsarin kan yi saurin wucewa. Likita rantsuwar aiki ta ɗaure shi ya rufa asiri. Maƙwabciyar da ke zaune kusa da ke alkawari kawai ta yi. A ƙauyen da kowa ya san kowa, maganar da ta fita daga da'ira tana iya kashe aure. Ganin mutum yana shiga ɗakin taron ma yakan isa a laƙa masa taɓin hankali, shi ya sa shirye-shirye da dama ke guje wa sunan da zai jawo tsangwama. Haka kuma bambancin da ke waje yakan biyo mutane ciki: matar mai unguwa da 'yar aikinta ba za su buɗe baki daidai ba, kurma kuwa in babu tafinta zaman banza ya yi. Wanda ciwonsa ya yi tsanani, ko yake tunanin halaka kansa, yana buƙatar likita tukuna.

Harshe ma shinge ne. Da aka gwada wani shiri na Hukumar Lafiya ta Duniya tsakanin matan Sudan ta Kudu masu gudun hijira a arewacin Yuganda, sai da aka naɗi darussan a faifai da Larabcin Juba, aka haɗa da littafi mai hotuna saboda waɗanda ba su yi karatu ba. Mata har 30 kan saurara a zama ɗaya, sau biyar.