Fiƙar Alƙalami a Kan Inji: Me Ke Sa Wani Ya Yi Rubutu, Wani Ya Ɓata Maka Riga?

Idan ka yi makarantar allo ka san aikin. Ka samo kara mai kyau, ka fiƙe shi da reza, ka ɗan tsaga bakinsa, ka tsoma a kurtu. Kalma biyu ko uku tawada ta ƙare, sai ka sake tsomawa. To, a ƙasashe irin su Amurka, Ingila da Japan akwai mutanen da suka mayar da fiƙar alƙalami abin sha'awarsu na ƙarshen mako. Su a kan inji suke yi, kuma alƙalamin da suke fitarwa yana ɗauke da tawadarsa a cikinsa, wato alƙalami mai shan tawada.

In ka ga hotunan aikinsu, sheƙin katako ne zai fara ɗaukar idonka. Amma abin da ke raba alƙalamin da za ka yi shekaru kana rubutu da shi da wanda zai yi maka ɓarin tawada a aljihu shi ne yadda mai aikin ya sarrafa tawada, iska da zafi. Bari mu bi su a hankali.

Yoyon da aka yi wa linzami

Neman alƙalamin da ba sai an tsoma ba ya daɗe. Alƙali Nu'uman ya rubuta cewa halifan Faɗimiyya Al-Mu'izz, a ƙarni na 10, ya sa an ƙera masa alƙalami mai riƙe tawada wanda ba ya ɓata hannu ko tufafi. Na zamani kuwa ya kankama ne a ƙarni na 19, musamman bayan Lewis Waterman ya yi rajistar ƙirarsa a Amurka a 1884.

Matsalar da duk suka yi fama da ita ita ce: yaya za ka bar tawada ta fito, amma daidai gwargwado? Amsar farko tana jikin lagwanin fitila. Ruwa yana hawa siririyar hanya da kansa, domin yana manne wa bangonta, kuma iya sirancin hanyar iya nisan da zai hau. A bututun gilashi mai faɗin milimita 0.2, ruwa na iya hawa kusan santimita 15 ba tare da an tura shi ba. Tsagar da ka yi wa alƙalamin kara aikinta kenan. A alƙalamin zamani akwai wani ɗan baƙin abu a ƙarƙashin bakin ƙarfen, mu kira shi magudana, mai siraran hanyoyi da ke jawo tawada zuwa tsagar, takarda kuma ta tsotse.

Amsa ta biyu iska ce. Ka kifa kwalbar ruwa mai ƙaramin baki, za ka ji tana ɓul-ɓul: ruwa ba ya fita sai iska ta shiga ta maye gurbinsa. Haka magudana take da wata hanyar daban da ke shigar da ƙananan kumfan iska. Iska ta yi yawa, tawada ta kwararo. Ta yi kaɗan, rubutu ya yanke.

Ga inda zafi ke shigowa. Iskar da ke cikin gangar alƙalami tana kumbura idan ta ɗumama. Daga digiri 25 zuwa 35 a ma'aunin Selsiyos, girmanta na ƙaruwa da fiye da kashi 3 cikin 100. Idan iskar ta kai mililita 2, ƙarin ya haura ɗigo guda na tawada, kuma ba shi da mafita sai bakin alƙalami. Ɗumin hannunka kaɗai na iya jawo haka, balle ka fito daga ofis mai na'urar sanyaya ɗaki ka shiga ranar watan Afrilu. Shi ya sa magudana ke da wasu haƙora kamar na mataji, su ke riƙe rarar kafin ta ɗiga.

Me mai aikin ke yi da hannunsa?

Yawancin masu wannan sha'awa ba sa ƙera bakin ƙarfen da magudanar. Saye suke yi, galibi daga kamfanoni biyu na Jamus, Bock da ke Heidelberg da JoWo da ke Balin. Nasu aikin shi ne gangar jiki, mariƙi da marfi.

Injin fiƙa aikinsa ɗaya ne: ya riƙe abu ya juya shi da gudu, kai kuma ka kara masa cizal. Tunda abin ne ke juyawa, duk inda kaifi ya taɓa sai ya fita a kewaye. Mai koyo yakan fara da kayan haɗi da ake sayarwa a shirye. Zai ɗauki guntun katako mai kaurin kusan santimita 2 da tsawon 12 zuwa 13, ya huda tsakiyarsa, ya manna bututun tagulla a ciki, ya fiƙe, ya goge da samfefa daga mai kaushi zuwa mai laushi, sannan ya matse sassan ƙarfen a jiki.

Wanda ya ƙware kuma yakan ajiye kayan haɗin ya yanka komai da kansa, har tiredin da marfi ke ɗauruwa a kai. Wani tiredi da suke yawan amfani da shi yana da tazarar milimita 0.8 tsakanin haƙori da haƙori, amma layi uku ne ke tafiya tare. Saboda haka juyi ɗaya yana matsar da marfi milimita 2.4, ba sai ka yi ta murɗawa ba kafin ka sa hannu a takarda. A nan kuskuren kashi ɗaya cikin goma na milimita ma magana ce. Marfi ya yi sako-sako, iska ta shiga, ruwan tawada ya tsere, da safe ka tarar da baki a bushe.

Za ka iya mamakin jin cewa ana juya alƙalami har sau 3,000 a minti. Abin da cizal ke ji shi ne gudun fatar katakon, kuma wannan ya danganta da kauri. Katako mai kaurin santimita 2 a wannan juyin fatarsa na tafiyar kusan mita 3 a daƙiƙa. Akushi mai faɗin santimita 20 a juyi iri ɗaya gefensa zai haura kilomita 110 a awa, wanda haɗari ne tsantsa. Don haka ƙaramin abu gudu yake so, babba kuma a bi shi sannu.

Kowane abu da halinsa

Katako yana shan danshi ya kumbura, ya bushe ya tsuke. Tagullar da ke cikinsa ba ruwanta da danshi. Idan aka fiƙe katakon da bai gama bushewa ba, hunturu na zuwa zai tsuke a kan bututun da ya ƙi matsawa, sai ka ga tsaga. Kuma ba a barin tawada ta taɓa katako kai tsaye, domin zai sha ta. Da yawa suna shafe shi da sufa gulu, shafi bayan shafi, su goge har ya yi ƙyalli. Danshin iska ne ke sa wannan gam ɗin daskarewa cikin daƙiƙoƙi.

Akirilik, wato wata roba mai kama da gilashi, ba ya shan ruwa, amma ba ya fitar da zafi da sauri, kuma yana fara laushi a wajen digiri 100. Ka matsa masa wajen huda, sai ya narke ya kama ƙarfen hudar.

Sai ebonait, abin da aka yi alƙaluman farko da shi. Roba ce da aka dafa da farar wuta mai yawa har ta yi tauri. Nelson Goodyear ya yi rajistarta a 1851. Tana yankuwa da kyau, tawada na bin jikinta, shi ya sa ake yabon magudanar da aka yi da ita. Aibinta warin ƙonanniyar taya lokacin yanka, kuma rana na koɗar da launinta. Har yau kamfanin Nikko Ebonite na yin ta a Tokyo, kuma a garin Rajahmundry na Indiya gidan Ratnam ya fara fiƙe irin waɗannan alƙaluma da hannu tun 1932.

Kafin ka ce za ka gwada

Injin da ke juyi 50 a daƙiƙa ba ya jiran ka janye hannu. Babbar riga, hannun kaftani mai faɗi, mayafi ko safar hannu, duk a ajiye su nesa. Ka sa kariyar fuska, domin katako na iya fashewa. Ƙurar ma ba abin wasa ba ce: hukumar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya ƙurar katako cikin rukunin farko na abubuwan da ke jawo daji, musamman a hanci. Takunkumi mai tace ƙura da ɗaki mai iska wajibi ne. Kada kuma ka goge sufa gulu da auduga, haɗuwarsu na fitar da zafin da zai iya ƙona ka.

Idan kuma irin wannan alƙalami ya zo hannunka, don Allah kada ka ɗura masa tawadar allo. Ƙaron da ke sa ta kama allo shi ne zai bushe ya toshe siraran hanyoyin nan. Ka nemi tawadar da aka yi dominsa, ka riƙa ɗauraye shi da ruwa lokaci-lokaci, in za ka sa a aljihu kuma bakin ya kalli sama.