Tsatsa: Yadda rodi ke fasa ginin da aka sa shi ya riƙe

A ranar 14 ga Agustan 2018, ana tsaka da mamakon ruwan sama, wani sashe na gadar Morandi da ke birnin Genoa a ƙasar Italiya ya rufta da motocin da ke kansa, mutum 43 suka rasa rayukansu. Ƙwararrun da kotu ta ɗora wa alhakin bincike sun gano cewa tsatsa ce ta cinye igiyoyin ƙarfen da ke binne a cikin kankaren da ke riƙe da gadar. Shekara da shekaru tana cin su a inda ido ba ya kaiwa.

Abin da ya faru da waccan gada yana faruwa a gidaje da makarantu da dama, sai dai a hankali kuma ba a labari. Duk dekin da aka ga jan tabo na tsattsafowa daga ƙasansa, ko ginshiƙin da ya tsage a tsaye daidai layin rodi, tsatsa ce ke aiki a ciki.

Asalin tsatsa

Ba a haƙo ƙarfe tsantsa daga ƙasa. Abin da ake haƙowa tama ce, wato ƙarfe haɗe da iskar oksijin, kuma sai an ƙona ta da wuta mai tsanani kafin a raba su, kamar yadda maƙeran dauri ke yi da gawayi da zugazugi. Daga ranar da aka raba su kuwa, ƙarfen yana neman hanyar komawa yadda yake. Tsatsa ita ce wannan komawar.

Abu biyu take buƙata a tare: ruwa da oksijin. Idan ɗigon ruwa ya zauna a kan ƙarfe, sai ya zama tamkar ƙaramin batir. A wani gefe ƙwayoyin ƙarfen na sakin 'yan ƙwayoyin lantarki da ake kira ilektron, su kuma su narke cikin ruwan. Ilektron ɗin na bi ta jikin ƙarfen zuwa gefen da iska ta fi yawa, inda oksijin ke karɓe su. Abin da ɓangarorin biyu suka haifar shi ke haɗuwa ya zama jan garin nan da kowa ya sani.

Gishiri na sa ruwa ya fi iya ɗaukar lantarki, don haka yake hanzarta aikin. Shi ya sa ƙyauren da zai daɗe lafiya a Kano ko Katsina, inda hunturu ke busar da komai, ba ya jimawa a bakin teku a Legas. Kuma shi ya sa masu sayen tsofaffin motoci ke leƙa ƙasan motar da aka shigo da ita daga Kanada ko arewacin Amurka, inda ake barbaɗa gishiri a kan tituna don narkar da ƙanƙara.

Alminiyam ma yana haɗuwa da oksijin, har ma ya fi ƙarfe saurin yin haka, amma fatar da take fito masa siririya ce mai liƙewa, tana toshe hanyar iska. Tsatsar ƙarfe kuwa sako-sako take, tana ɓarewa tana riƙe danshi, sai ta buɗe wa iska sabon wuri.

Rodi a cikin kankare

Kankare mai kyau garkuwa ne ga rodi. Siminti yana da kaifi irin na kanwa, kishiyar tsami. A ma'aunin pH da ke tashi daga 0 zuwa 14, ruwan da ke cikin ƙofofin kankare yana kaiwa 12 zuwa 13. A irin wannan yanayi wata fata da ido ba ya gani takan lulluɓe rodin, ta hana tsatsa kama shi ko da akwai danshi.

Abu biyu ke karya garkuwar. Na farko iskar kabon da ke sararin sama, wadda ke kutsawa cikin kankaren sannu a hankali tana rage masa kaifi. Idan ta isa inda rodin yake, ma'aunin ya sauka zuwa wajen 9, fatar ta tafi. Na biyu gishiri, ko daga yashi ko daga ruwan da aka kwaɓa simintin da shi.

Daga nan ɓarnar ke ninkuwa, domin tsatsa ta fi ƙarfen da ta fito daga gare shi cin wuri, ninki biyu zuwa shida. Rodin yana kumbura a wurin da ba shi da sarari, kankare kuma gwani ne wajen jure danniya amma rago ne idan aka ɓamɓare shi daga ciki. Sai ya tsage, ruwa ya samu hanya, tsatsar ta ƙara gudu, rodin kuma yana sirancewa alhali nauyin da ke kansa bai ragu ba.

Maganin wannan ba shi da tsada, abin takaicin ke nan. Ƙa'idojin gini na neman a bar kaurin kankare na kusan milimita 25 zuwa 50 tsakanin rodi da waje, gwargwadon irin wurin. 'Yan ƙananan dunƙulen siminti da magina ke kira biskit, waɗanda ake sawa a ƙarƙashin rodi kafin zuba kankare, wannan ne aikinsu. Mai ginin da ya bari aka shimfiɗa rodi kai tsaye a kan katako, ko aka tsuga ruwa a kwaɓi don ya yi saukin zubawa, ya rage wa gininsa shekaru da hannunsa, domin ruwan da ya yi yawa idan ya bushe ƙofofi yake bari.

Ƙarfen da ke fansar wani

Fenti shi ne kariyar da aka fi sani, kuma aikinsa raba ƙarfe da iska ne kawai. Hasumiyar Eiffel ta birnin Paris tana shan kusan tan 60 na fenti duk bayan kimanin shekara bakwai. Inda fenti ya karce, kariya ta ƙare.

Tutiya ta fi haka dabara. Kwanon rufi da bututun ruwa ana tsoma su ne cikin narkakkiyar tutiya mai zafin kusan digiri 450, hanyar da Bafaranshe Stanislas Sorel ya yi wa rajista a 1837. Tutiya ta fi ƙarfe saurin sakin ilektron, saboda haka ko kwanon ya karce, ita ce za ta ci gaba da narkewa a madadinsa har sai ta ƙare a wurin. Kaurinta shi ne tsawon ran kwanon, kuma nan ne kwano mai araha ke cin amanar mai shi. Gwangwanin tumatir akasin haka yake: kuza aka shafa masa, wadda ta fi ƙarfe juriya, don haka da zarar ya karce ƙarfen ne ke biyan bashin, cikin gaggawa.

Humphry Davy ne ya fara amfani da wannan ƙa'ida a 1824, inda ya liƙa guntayen tutiya da ƙarfe a jikin jan ƙarfen da ke rufe da ƙasan jiragen ruwan yaƙin Ingila. Jan ƙarfen ya daina narkewa, amma sai ciyayi da ƙananan halittun teku suka maƙale wa jiragen, domin ashe narkewar tasa ce ke korar su. A yau bututun mai da na gas da ake binnewa a ƙasa ana kare su ta wannan hanya, ko dai da dunƙulen magniziyam da ake binnewa kusa da su, ko da ƙaramar wutar lantarki da ake tura musu dare da rana.

Ƙa'idar tana iya juyowa ta zama illa idan aka haɗa ƙarfe iri biyu ba da sani ba. Mutum-mutumin 'Yanci na birnin New York fatarsa jan ƙarfe ce, sandunan da ke riƙe da ita kuma baƙin ƙarfe. Da abin da aka sa a tsakaninsu ya lalace, danshi ya haɗa su, sandunan suka yi ta ruɓewa, har sai da aka sauya su a gyaran 1984 zuwa 1986 da ƙarfen da ba ya tsatsa, wanda sirrinsa shi ne aƙalla kashi 10.5 cikin 100 na sinadarin kuromiyam. Mai kafa kwanon alminiyam da ƙusar da ba ta dace ba irin wannan kuskuren yake yi.

A 2016 ƙungiyar injiniyoyin yaƙi da tsatsa ta NACE ta ƙiyasta cewa lalacewar ƙarafa na laƙume wa duniya dala tiriliyan 2.5 a shekara, kusan kashi 3.4 cikin 100 na abin da take samarwa.

Ga mai gidan da ya riga ya ga tsaga da jan tabo, shafe wurin da filasta ɓoye ciwon ne kawai, rodin zai ci gaba da kumbura a ƙarƙashi. Gyaran gaskiya shi ne a toshe inda ruwa ke shiga, a sassaƙe kankaren da ya lalace har bayan rodin, a kankare tsatsar sai ƙarfen ya fito fes, sannan injiniya ya auna kaurin da ya rage ya faɗi ko sai an ƙara wani rodin kafin a mayar da siminti.